Tarihin Kiichiro Toyoda, ɗan maƙerin injin saƙa da ya kafa kamfanin Toyota

Da wuya masu sha'awar motoci su zauna musu a kan wace mota ce ta fi wata ba tare da sunan Toyota ya shigo zancen ba. Wasu kan ce motocin Jamus sun fi ta gudu da daɗin tuƙi, wasu kuma su yi mata gorin ƙarancin ado. Amma da zarar an zo batun ƙarko, da sauƙin gyara, da darajar mota a kasuwa bayan an more ta, sai yawancin bakuna su haɗu a kanta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin da ya kafa kamfanin, Kiichiro Toyoda, da motoci masu yawan mutuwa a hanya ya fara. Ya sauka daga shugabancin kamfaninsa cikin rikici, kuma ya rasu yana da shekara 57, tun kafin a ƙera Corolla, ko Hiace, ko Hilux, ko Camry.

Haihuwa da tasowa

An haifi Kiichiro ranar 11 ga Yuni, 1894, a ƙauyen Yamaguchi da ke lardin Shizuoka na ƙasar Japan, wanda a yau yake cikin birnin Kosai. Mahaifinsa, Sakichi Toyoda, ɗan kafinta ne da ya taso yana ganin wahalar da matan ƙauye ke sha a kan masaƙar hannu, ya kuma ɗaura aniyar ƙera injin da zai sauƙaƙa musu. Wannan buri ya ɗauke masa hankali daga iyali ƙwarai, har mahaifiyar Kiichiro ta bar gidan ba da jimawa da haihuwarsa ba. A hannun kakanninsa yaron ya yi shekarunsa na farko, kafin daga baya ya koma wurin mahaifinsa da sabuwar matarsa.

Ya tashi a cikin ƙarar injuna, yaro ne marar yawan magana mai son zane da taɓa ƙarfe. Mahaifinsa bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma shi ya samu. Ya yi babbar makaranta a birnin Sendai, sannan ya karanta injiniyancin ƙere-ƙere a Jami'ar Sarauta ta Tokyo, inda ya kammala a shekarar 1920. A shekara mai bi mata ya kama aiki a masaƙar mahaifinsa, aka kuma tura shi Amurka da Ingila don ya ga yadda ake gudanar da sana'ar. A garin Oldham, kusa da Manchester, ya yi ɗan lokaci a kamfanin Platt Brothers, wanda a zamanin yake sahun gaba a duniya wajen ƙera injunan kaɗi da saƙa.

Darasin zaren da ya tsinke

A shekarar 1924 uba da ɗa suka kammala injin saƙa samfurin G. Abubuwa biyu ne suka bambanta shi. Na farko, yana sauya ƙoshiya da kansa idan zarenta ya ƙare, ba tare da an tsayar da aiki ba, kuma masana tarihin kamfanin na ba Kiichiro kaso mai tsoka a wannan dabara. Na biyu, da zarar zare guda ya tsinke sai injin ya tsaya cak, maimakon ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. Saboda haka ma'aikaci ɗaya yana iya kula da injuna 30 ko fiye, domin ba sai ya zuba wa kowanne ido ba. Wannan aƙida ta a tsaya a gyara kuskure a inda ya faru, kada a bari ya wuce gaba, ita ce gadon da Kiichiro ya ɗauka daga masaƙa zuwa harkar mota.

An kafa kamfanin Toyoda Automatic Loom Works a garin Kariya a shekarar 1926 domin ƙera wannan inji. Bayan shekara uku, a Disambar 1929, kamfanin Platt Brothers da kansa ya amince ya sayi haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Almajiri ya zama malami ke nan. Sai dai abin da Kiichiro ya gani a wannan tafiya ya ba shi tsoro fiye da yadda cinikin ya faranta masa. Garin Oldham da ya bari yana bunƙasa ya same shi cike da marasa aikin yi, kasuwar masaƙa ta karye. A Amurka kuwa tituna sun cika maƙil da motoci. Ya dawo gida da yaƙinin cewa gidan da ya dogara da injin saƙa kaɗai ba zai daɗe ba. Mahaifinsa ya rasu a Oktoban 1930, bayan 'yan watanni da dawowarsa.

Kasuwar da Ford da General Motors suka mamaye

A wancan lokaci kasuwar motocin Japan tana hannun Amurkawa. Bayan girgizar ƙasar 1923 ta ragargaza layukan dogo na Tokyo, hukumar birnin ta shigo da ɗaruruwan motocin Ford ta mayar da su bas-bas, jama'a suka ga amfanin mota ƙuru-ƙuru. Ford ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Yokohama a 1925, General Motors ya buɗe tasa a Osaka a 1927. Manyan gidajen jari na ƙasar sun ja da baya daga harkar, suna ganin kasada ce a kara da waɗannan ƙattai. A cikin gida ma akwai ɗari-ɗari. Shugaban kamfanin saƙar shi ne Risaburo Toyoda, mijin ƙanwar Kiichiro, wanda aka shigar cikin zuri'ar bisa al'adar Japan, kuma shi ne mai riƙe da lalitar da za a kashe.

Duk da haka, a Satumbar 1933 aka buɗe sashen motoci a cikin kamfanin saƙar. Kiichiro ya sayi mota ƙirar Chevrolet ta wannan shekara, ya sa aka warware ta ɗaya bayan ɗaya, ana auna kowane ƙarfe ana zana shi. Ya zaɓi ya kwaikwayi injin Chevrolet da gangan, yadda kayan gyaran wannan za su shiga wancan. Hikimarsa ita ce, mai sayen sabuwar mota da ba a san ta ba yana tsoron ranar da za ta lalace a rasa abin gyara ta, alhali kayan Chevrolet da na Ford suna nan a shaguna ko'ina a Japan.

Kwaikwayo a takarda abu ne mai sauƙi, amma zubin ƙarfe ya ba su wuya. Sun ƙware wajen zuba sassan injin saƙa, sai dai gangar jikin injin mota, wadda kanikawa ke kira bulok, tana da ramuka da hanyoyin ruwa masu sarƙaƙiya. An zuba ɗaruruwa suna fitowa da aibi ana mayar da su wuta. Ƙarfen da ake samu a ƙasar ma bai kai ingancin da ake bukata ba, abin da ya sa ya buɗe sashen narka ƙarfe na kansa, wanda daga baya ya zama kamfanin Aichi Steel. A Satumbar 1934 aka kammala injin farko, samfurin A, mai silinda shida. Da aka gwada shi sai aka ga ƙarfinsa bai kai na Chevrolet ba, aka sake fasalin kan injin sau da dama kafin ya kamo shi.

Motocin da suka riƙa mutuwa a hanya

A watan Mayun 1935 aka fito da motar gwaji ta shiga, samfurin A1, a watan Agusta kuma babbar motar ɗaukar kaya samfurin G1. Gwamnati ta fi bukatar manyan motoci, don haka G1 ce aka fara kai wa kasuwa a ƙarshen shekarar. Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne. Motocin da aka tuƙa zuwa Tokyo don nuna wa jama'a sai da aka yi ta gyara su a hanya. Waɗanda aka sayar kuwa, yau wannan ta karye ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, gobe waccan ta tsaya da kaya a tsakiyar titi.

A nan ne halin mutumin ya fito. Duk inda aka ce mota ta mutu, ko da dare ne, sai a tura injiniyoyi da kayan gyara. Shi kansa yakan je, ya ba mai mota haƙuri, ya shiga ƙarƙashinta ya ga abin da ya karye da idonsa. Sassan da suka lalace ana dawo da su masana'anta a bincika dalili, a sauya zane ko a sauya ƙarfe. Ana ruwaito cewa ba ya yarda da injiniyan da hannunsa ba ya ɓaci da baƙin mai. A wannan shekara ce kuma ya jawo Shotaro Kamiya daga reshen General Motors na Japan don ya kafa masa tsarin dillalai. Kamiya ya yi imani da cewa mai saye ne a gaba, dillali na biye, maƙeri a ƙarshe, kuma a kan wannan jeri ya gina harkar sayarwa da gyara.

A shekarar 1936 motar shiga samfurin AA ta fito, an ɗauko siffarta daga DeSoto Airflow ta kamfanin Chrysler. An sa mata farashin yen 3,350, ƙasa da na Ford da Chevrolet, domin Kiichiro ya san kishin ƙasa kaɗai ba zai sa mutum ya sayi mota mai tsada ba. A shekarar ce aka yi gasar zana tambari, aka samu zane kusan 27,000, aka kuma sauya sunan daga Toyoda zuwa Toyota. Sabon sunan ya fi daɗin furtawa, kuma a rubutun Japan da zara takwas ake rubuta shi, lambar da suke ɗauka ta sa'a.

Kafa kamfani da inuwar yaƙi

Dokar masana'antar motoci ta 1936 ta taƙaita ayyukan kamfanonin waje, ta ba Toyota da Nissan lasisi. Ranar 28 ga Agusta, 1937, aka kafa Toyota Motor Company da jarin yen miliyan 12, Risaburo yana shugaba, Kiichiro yana mataimakinsa. A Nuwambar 1938 aka buɗe babbar masana'anta a garin Koromo.

A Koromo ne ya gabatar da tsarin da duniya ta zo ta san kamfanin da shi. Maimakon a tara kaya jibgi a rumbu, ya ce a ƙera abin da ake bukata, a lokacin da ake bukata, gwargwadon yadda ake bukata. Kamfani marar kuɗi ba zai iya binne jarinsa a cikin ƙarafan da ke jiran aiki ba. Ban da haka, idan kaya sun yi tuli aibinsu yakan ɓuya, amma idan kaɗan-kaɗan suke tafiya daga hannu zuwa hannu, nan da nan kuskure ke bayyana. Ya rubuta wannan tsari dalla-dalla a wani kundi mai kauri, aka koyar da ma'aikata.

Yaƙi ya katse gwajin. Tun daga 1937 Japan take yaƙi a ƙasar Sin, kuma sojoji su ne manyan masu sayen motocin kamfanin, wanda hakan ya sa bunƙasarsa ta farko ta ɗauru da wannan yaƙi. Ford da General Motors sun daina aiki a ƙasar a 1939. Lokacin da Kiichiro ya zama shugaba a Janairun 1941, gwamnati ce ke raba ƙarfe, ita ke faɗin abin da za a ƙera. Motar shiga da yake mafarki aka ajiye ta gefe. Da ƙarancin kaya ya tsananta, sai da aka kai ga ƙera manyan motoci masu fitila ɗaya da sassan katako. Ranar 14 ga Agusta, 1945, kwana guda kafin Japan ta sanar da miƙa wuya, bam ya faɗa wa masana'antar Koromo ya rusa wani ɓangare nata.

Shekarar 1950

Bayan yaƙi yana da dubban ma'aikata da iyalansu da zai ciyar, kuma ba tabbas ko sojojin mamaya za su bari a ci gaba da ƙera mota. Ya sa aka binciki wasu sana'o'i, har da sarrafa kifi, da yin tangaran, da gina gidajen kankare. Da aka ba da izinin manyan motoci sai aiki ya dawo, ya kuma ɗora wa injiniyoyinsa burin kamo Amurka cikin shekara uku. A 1947 aka fito da ƙaramar mota Toyopet SA, amma a ƙasar da mutane ke neman abin kai wa baki, ɗari biyu da 'yan kai kawai aka iya ƙerawa.

A 1949 wani ma'aikacin banki daga Detroit, Joseph Dodge, ya zo da tsauraran matakan daƙile hauhawar farashi. Kuɗi suka ƙafe, waɗanda suka karɓi motoci bashi suka kasa biya. A ƙarshen shekarar kamfanin yana dab da durƙushewa. Hukumar kamfanin ta yi yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago cewa za a rage albashi da kashi 10 cikin 100, amma ba za a kori kowa ba. Kiichiro ya ɗauki ma'aikata tamkar iyali, kuma wannan alkawari daga zuciyarsa ya fito.

Reshen Babban Bankin Japan na Nagoya ya haɗa bankuna 24 suka ba da rance, bisa sharuɗɗa masu ɗaci. An raba sashen sayarwa ya zama kamfani mai zaman kansa a Afrilun 1950 a ƙarƙashin Kamiya, aka kuma matsa lamba a rage ma'aikata. Da aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, ƙungiyar ƙwadago ta ce an ci amana. Aka shiga yajin aiki da tankiya na wata biyu, yawan motocin da ake ƙerawa ya faɗi warwas. Kiichiro, wanda hawan jini ya riga ya kama, ya ga cewa ba zai sallami mutanen da ya yi wa alkawari shi kuma ya zauna a kujerarsa ba. Ranar 5 ga Yuni aka sanar da murabus ɗinsa tare da manyan mataimakansa biyu, rikicin ya ƙare bayan 'yan kwanaki. Ma'aikata 2,146 ne suka tafi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duka. Taizo Ishida, shugaban kamfanin saƙar, ya gaje shi.

Bayan kwana 20 da murabus ɗin, ranar 25 ga Yuni, yaƙin Koriya ya ɓarke. Sojojin Amurka suka yi odar motoci sama da 4,000 daga Toyota, kuɗi suka shigo, kamfanin ya farfaɗo. Ruwan da ya yi ta jira ya sauka ne bayan ya bar gonar.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya koma Tokyo, inda ya ci gaba da zane-zanen ƙaramar motar da talaka zai iya saye, har da nazarin jirgi mai saukar ungulu. Da al'amura suka daidaita, Ishida ya nemi ya dawo, aka kuma shirya zai karɓi shugabanci a tsakiyar 1952. Bai kai ba. Ya rasu ranar 27 ga Maris, 1952, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Waɗanda ya horar ne suka ƙarasa aikin. Ɗan baffansa Eiji Toyoda, wanda ya shugabanci kamfanin daga 1967 zuwa 1982, tare da injiniya Taiichi Ohno da ya fito daga ɓangaren saƙa, suka farfaɗo da tsarin Koromo suka haɗa shi da darasin zaren da ya tsinke. Aka ba ma'aikaci ikon dakatar da layin ƙira gaba ɗaya idan ya ga aibi. A lokacin da Nissan ya haɗa gwiwa da Austin, Hino kuma da Renault, Toyota ya bi ra'ayin wanda ya kafa shi na dogaro da kai, ya fitar da Crown a 1955. Da aka kai ta Amurka a 1958 ta kasa jure gudun manyan titunan ƙasar, injinta yana zafi, aka dakatar da sayar da ita. An koma gida an sake lale kamar yadda aka yi a zamanin G1. A 1965 kamfanin ya lashe lambar yabo ta Deming kan inganci, a 1966 kuma Corolla ta fito, wadda zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50.

Wannan tarihi ne ke bayan ra'ayoyin da ake ji a kan kamfanin a yau, na yabo da na suka. Masu son gudu da sabuwar fasaha kan ce Toyota na da jinkirin karɓar sabon abu, kuma da gaskiyarsu, domin kamfanin ya fi son abin da aka daɗe ana gwadawa. Bai kuma kuɓuta daga tuntuɓe ba. A 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, har jikan Kiichiro, Akio Toyoda, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka don ba da bahasi.

A Nijeriya, inda Peugeot 504 ta masana'antar Kaduna da Volkswagen ta Legas suka yi zamaninsu, yanzu Hiace ce ta cika tashoshin mota, Hilux ce a hannun hukumomi da jami'an tsaro, Corolla da Camry kuma su ne zaɓin ma'aikata da 'yan kasuwa da dama, ko da na hannu ne. Babban dalilin da masu su ke bayarwa shi ne wanda Kiichiro ya hango tun 1933: kusan kowane bakanike ya san injinsu, kuma kayan gyaransu suna nan a Ladipo ta Legas, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna.

A shekarar 1959 garin Koromo ya sauya suna zuwa Toyota. Babban ɗan Kiichiro, Shoichiro, ya jagoranci kamfanin lokacin da aka sake haɗe ɓangaren ƙira da na sayarwa a 1982, shekara 32 bayan bankuna sun raba su. A 2018 aka sanya sunan Kiichiro a zauren karrama gwarazan harkar motoci na Amurka. A birnin Nagoya kuwa, a harabar tsohuwar masaƙar Sakichi, an buɗe gidan tarihi a Yunin 1994, daidai cika shekara 100 da haihuwarsa. Ɗaki ɗaya na injunan saƙa ne, ɗaya na motoci, kuma har yau ana tayar da inji samfurin G a nuna wa baƙi yadda yake tsayawa idan zare ya tsinke.